Jan launi ba ya hana gara

Duk shekara idan aka buɗe makarantu bayan damina, kukan ɗaya ne daga Dogon Dutsi har Tibiri, da Matankari da Gecheme: teburan zaman yara sun lalace. Sai kwamitin COGES ya kira iyaye a sake karo-karo. Ni a ganina, rabin wannan asara tun a shagon kafinta take farawa, ranar da muka karɓi kaya muna yaba kyan launinsu ba mu tambayi abin da aka shafa musu ba.

Mafi yawan katakon da ake aiki da shi a Arewa daga kudu yake zuwa, ta Najeriya da Benin, daga dazuzzuka masu laima. Farin katako mai araha, irin samba, ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, amma gara da ƙwaron katako suna cin sa da sauri. Idan ya iso bai gama bushewa ba, hunturu ya busa shi, sai ya tsuke, ya tsage, ƙusa ta saki. Wasu kafintoci sukan shafa masa jan rini ya yi kama da jan katako. Rini launi ne kawai, ba ya tare ruwa, ba ya korar gara. Abin da ke rufe katako shi ne banish, kuma shafa ɗaya ba ta isa.

Abin da nake so malamai su nema kafin su sa hannu a takardar karɓar kaya bai da yawa. A goge katako da sanfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, ta bin tsawon jijiyarsa. A yi shafa ta farko da banish da aka tsinka da tina don ya shiga ciki, a bari ya bushe, a ɗan goge, a ƙara biyu. Kada a yi a fili ranar da ƙura ke tashi. Sannan a kifa teburin a duba ƙarƙashinsa da gindin ƙafafunsa, domin nan ne katako ya fi shan ruwa, nan ne gara ke shiga, kuma nan ne mai gaggawa yake tsallakewa.

Akwai al'adar da nake adawa da ita ƙwarai: shafa baƙin man mota da aka juye daga inji. Gaskiya ne gara ba ta son sa, shi ya sa ake shafa wa azara da ginshiƙin rumfa. Amma yana ɗauke da dattin ƙarfe da ragowar ƙonewa waɗanda ke cutar da fata idan ana yawan taɓa su, kuma ba ya bushewa sosai, balle a zafin Afrilu. Yaro ɗan shekara 7 zai ɗora hannu a kai tun safe, ya ci ƙosai da hannun nan a lokacin tara. A bar wa azara baƙin mai.

Sai kuma hutun damina. Daga Yuli zuwa Satumba ana kulle aji, a bar tebura a kan ƙasa mai danshi, ba mai leƙawa. Kafin a rufe, a jera su a kan duwatsu ko bulo, nesa da bango, a ba mutum ɗaya makulli ya riƙa dubawa bayan kowane babban ruwa. Kuɗin gwangwanin banish kuwa, COGES ta sa shi cikin lissafinta tun watan Yuni.