Istihala Ba Sunan Cuta Ba Ce

Idan jinin mace ya ƙi ɗaukewa, wurin malami ake fara kai tambaya. Malami kuma yakan amsa daidai gwargwadon iliminsa: a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce haka istihala ce, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Amsar ta warware matsalar ibada. Laifin na gidan ne da ya ɗauka ta warware matsalar mahaifa, har aka bar mace tana zuba wata da watanni, tana haki in ta hau bene, ana cewa gajiya ce.

A ma'aunin ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, al'ada mai lafiya tana zuwa tsakanin kwana 24 zuwa 38, ba ta kuma wuce kwana 8. Tun 2011 ƙungiyar ta kasa musabbabin zubar gida biyu: waɗanda ake gani da ido, kamar ƙarin mahaifa, tsiro a cikinta da sankara, da waɗanda ba a gani, kamar rashin daskarewar jini, rikicewar fitar ƙwai da allurar tazarar haihuwa. Kalmar istihala ba ta bambance ko ɗaya daga cikinsu.

Mai kemis da ke miƙa ƙwayar tsayar da jini ba tare da tambaya ba ya fi kowa ɓarna, domin yana rufe bakin shaida ne. Bincike na gaskiya ba shi da wuya: gwajin ciki da fari, saboda ɓari ko cikin da ya zauna wajen mahaifa kan zo da wannan kama, na biyun kuwa yana kisa, sai auna yawan jini, duba bakin mahaifa, da hoton sikanin. Wadda ta haura shekara 45 akan ɗebi ɗan naman cikin mahaifarta a gwada. Daga nan ne magani ke da ma'ana, ko tiranekzamik asid, ko robar mahaifa mai sakin sinadari, ko tiyata.

Abin da ya fi muni shi ne na dattijuwa. Ta shekara ba ta ga jini ba, sai ya dawo, jikoki na tsokana wai Hajiya ta koma budurwa. Ko ɗigo ɗaya ne, likita kan ɗauke shi a matsayin sankara har sai bincike ya wanke ta.