A Fara Da Linzami Kafin Sukuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Daura ran hawan Salla ya san inda gwanintar mahayi take. Mahaya za su jeru, su saki dawaki a guje, ƙura ta turnuƙe kamar za su bi ta kan Sarki da 'yan majalisarsa, sai ana saura taku kaɗan kowa ya ja linzami, doki ya zauna bisa ƙafafunsa na baya, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina. A nan ne mata ke rangaɗa guɗa. Sakin doki kam kowane yaro ya iya, kuma ba mu taɓa jin an yi wa wani kirari domin dokinsa ya ƙwace ya faɗa cikin 'yan kallo ba. Shi ya sa tun da jijjifi za ka ga barwa yana duba linzami da majanyi da likkafa, domin ya san idan ɗaya ya tsinke a tsakiyar jafi, kunya ita ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya.

Mun kawo wannan ne saboda wani hawan da ya shigo mana gari, wanda mu samari muka fi kowa alhakinsa, watau wasan mota. Ran ɗaukar amarya, ko ran da aka gama jarrabawar ƙarshe, ko da yammacin Salla, sai a fito da tsofaffin motoci, Mercedes 190 ko BMW ko Golf, wani lokaci har da Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, a sami mararraba ko wani fili a bakin gari, a yi ta juyi ana ƙona taya, yara sun yi da'ira ba ko taku goma tsakaninsu da ƙarfen. Mu ma mun tsaya kallo, mun yi tafi, ba za mu yi musu ba. Amma in ka ja mai motar gefe ka tambaye shi abin da ya kashe wa kuɗi, sai ya lissafa maka: an fasa salansa don ta yi ruri, an taɓa kafireta, an sake fenti, an yanke sifirin don ta kwanta ƙasa. Ka ce masa birki fa? Sai ya ce ai lafiya lau yake, yana kamawa.

To, ra'ayinmu a nan shi ne an ɗauko abin ta wutsiya. Duk inda ake shirya tsohuwar mota domin filin tsere, birki da ƙafa ake fara gyarawa, injin shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a taɓa shi sam. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne, yana cikin darasin kimiyya na sakandare. Aikin birki shi ne ya mai da gudu ya koma zafi. Kuma nauyin wannan aiki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun: in ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha da tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya sun ninku sau huɗu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, tana bukatar kimanin mita 14 bayan an taka birki. A kilomita 100 sai ta ci kimanin mita 56. Ba mu ma sa daƙiƙar da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta bar totur ta kai birki ba, alhali a wannan gudun daƙiƙa ɗaya tak mita 28 ce. A auna wannan da faɗin mararrabar da ake wasan a cikinta.

Shi kuma birkin da ake cewa yana kamawa, yana kamawa ne a zuwa kasuwa da dawowa, inda ake taka shi a hankali ya huce kafin a sake takawa. A wurin wasa ko tsere ana taka shi da ƙarfi a kai a kai, ba ya samun sararin hucewa, balle a zafin bazararmu da kan haura digiri 40 tun kafin a tayar da injin. Abu biyu ne kan faru. Na farko, takalmin birki ya yi zafi ya wuce kima, sai ya riƙa sulɓi bisa faifai, direba yana takawa da ƙarfinsa duka amma motar ba ta jin magana. Na biyu ya fi muni, shi ne man birki ya tafasa. Man nan yana da wata ɗabi'a da yawancinmu ba mu sani ba: yana tsotsar damshi daga iska a hankali. Irin wanda aka rubuta wa DOT 4, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya sauko zuwa wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yakan sauko zuwa 140. Da ya tafasa sai tururi ya cika tiyo, shi kuwa tururi matsuwa yake yi ba ya tura komai, sai ka ga ƙafar direba ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Masu ƙera motoci sukan ce a zubar da man a sake sabo duk shekara biyu, masu tsere kuwa kafin kowace fita suke sakewa. Mu a nan, sai dai a ƙara in ya ragu. Akwai motocin da man da suka shigo da shi daga Kwatano shi ne a cikinsu har yau.

Kai, in da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Wa bai taɓa jin an toshe tiyon ƙafa ɗaya da ƙusa ba, don tana yoyo, aka bar mota tana tafiya da birkin ƙafa uku? Wa bai ji labarin ruwan omo da ake ɗurawa a madadin man birki ba, wai a lallaɓa a isa gari? Irin wannan lallaɓawa ita ce ke kai mutane inda ba su yi niyya ba.

Sai batun ƙafa, wanda a ganinmu nan ne jahilcin ya fi yawa, domin a nan ne mutum ke ɓata motarsa da kuɗinsa yana murna. Duk girman mota, abin da ya haɗa ta da ƙasa bai wuce tafin hannu huɗu na roba ba. Sifirin da shokazoba da bushin, aikinsu guda ne: su danne tafin nan huɗu a ƙasa, ko a gargada ko a kwana. Gaskiya ne motar tsere takan kwanta ƙasa, domin in nauyinta ya sauko ba ta cika karkata a kwana ba. Amma su masu yin haka sifirin na musamman suke sawa, gajere mai tauri, tare da shokazobar da aka auna ta dace da shi. Wanda ya kai sifirin ɗinsa wurin mai walda aka datse masa zobe biyu, abin da ya yi shi ne ya rage wa ƙafa wurin motsi. Da ta hau ɗan tudu sai ƙarfe ya doki ƙarfe, taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta san birki ba, ba ta san sitiyari ba. Haka shokazobar da ta mutu take yi, ko da ba a yanke komai ba. Bushin da ya ruɓe kuwa, yakan bar taya ta karkace da kanta daidai lokacin da aka taka birki, mota ta fizge gefe.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ba a cika kula da shi ba. In aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, baya ya yi sakayau, saboda haka ba a so birkin baya ya kama da ƙarfi kamar na gaba, don in tayoyin baya suka riga kullewa motar juyawa za ta yi ta ba da baya. Domin wannan ne Peugeot da wasu kamfanoni suka sa wani bawul a ƙarƙashi, wanda ke lura da yadda bayan mota ya sauka: in ya sauka ƙwarai, alamar an yi lodi ke nan, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To, wanda ya kwantar da motarsa bai daidaita bawul ɗin ba, ya yi mata ƙarya ke nan cewa buhunan gero ne a bayanta, alhali ba kowa sai shi da abokinsa a gaba.

Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Da yawa daga cikin na gwanjo da muke saye sun tsufa sun bushe ko da zanensu na nan, wasu ma an yi su ne domin ƙanƙarar Turai.

Kada a ce wannan surutun 'yan boko ne kawai, tarihin tseren kansa shaida ne. A 1953 motar Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, kuma babban abin da ta fi abokan karawarta da shi shi ne birkin faifai, lokacin da sauran ke fama da birkin ganga mai riƙe zafi. Direbanta yakan jinkirta taka birki har ya matso kwana, ya yi haka ɗaruruwan lokuta dare da rana ba tare da birkin ya gaji ba. Ita ma Fijon da muke raina wa tsufa tana da nata tarihin a nahiyarmu. A tseren Safari na Gabashin Afirka na 1963, cikin motoci fiye da 80 da suka tashi guda 7 kacal suka kai ƙarshe, kuma Peugeot 404 ce ta zo ta ɗaya. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci Safari da 504, sannan Jean-Pierre Nicolas ya maimaita a 1978 da 504 mai ƙofa biyu. Akwai motocin da suka fi su ƙarfin injin a waɗannan tsere, amma ƙafarsu ba ta jure burji da laka da ramuka na kilomita dubbai ba. Wannan ƙafar ce dai ta sa direbobin tasha suka riƙe 504 shekara da shekaru a hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure, da ta Katsina ta Mashi, da wadda ta bi ta Kwangwalam ta nufi Damagaram. Ita ce kuma ƙanenmu ke kai wa mai walda ya datse.

Mun san abin da dattawa za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Za su ce wasan banza ne, almubazzaranci ne, a hana shi baki ɗaya a huta. A kan titin jama'a, mun yarda da su ɗari bisa ɗari. Ba wanda yake da ikon sa ran ɗan wani a caca domin abokinsa ya yi aure, kuma ko birkin motarka daga masana'anta ya fito jiya, mararraba ba filin wasa ba ce. Su kansu Turawa sai da suka ga bala'i suka hankalta: a Le Mans ɗin nan dai, a 1955, mota ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, har ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere shekaru da dama. Sai dai hani kaɗai mun ga iyakarsa. An sha hanawa a garuruwanmu, abin yakan lafa wata biyu, ya dawo da dare ko ya koma bayan gari inda ba idon kowa. Kakanninmu da suka ga samari na son gudu da dawaki, fili suka ware musu. Katsina ta yi suna a wasan folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, kuma ba a tsakiyar kasuwa ake buga shi ba.

Abin mamaki, kayan aikin duk suna gabanmu. Garin nan ne ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a 2019, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ga makanikai a gareji waɗanda suka tsufa a ƙarƙashin 504, in sun ji ƙarar ƙafa daga nesa sun san ko bushin ne ko boljoyin. Ga filaye a masarautar nan daga Sandamu har Zango da Baure. Abin da muke roƙo ga hukumomin makarantun nan da ƙaramar hukuma da masarauta shi ne fili guda, nesa da gidaje, mai shinge da tudun ƙasa tsakanin mota da mai kallo, a buɗe shi ko da sau ɗaya ne a wata. Ɗalibai masu koyon injiniya su tsaya a ƙofa tare da makanikan gari, kowa ya koya daga ɗan'uwansa, domin mu muna da lissafi su suna da hannu. Abin auna damshin man birki ɗan ƙarami ne kamar alƙalami, bai fi ƙarfin asusun ƙungiya ba. Kuma yaron da ya koyi duba birki a nan, gobe shi ne zai duba motar haya da iyayenmu za su shiga zuwa Kano.

Sharaɗin shiga kuwa kada a sassauta wa kowa, ko ɗan wane ne. A cire taya huɗu a ga kaurin takalmi da lafiyar faifai, a matsa tiyo a ga ko ya tsattsage ko ya kumbura, a zubar da tsohon mai a fitar da iska, a girgiza ƙafa, a karanta shekarar taya. Direba ya ɗaura bel ya sa hular kwano, kuma ba fasinja a kan taga ko a bisa but. Bayan wannan a ja layi da toka a tsakiyar fili, a ce ya taho a kilomita 60 ya tsaya kafin layin, sau biyar a jere ba hutawa. Wanda motarsa ta fizge gefe, ko ta tsallake tokar a karo na huɗu ko na biyar, ya koma gareji, a gan shi wata mai zuwa.