Allurar Mutuwa Haramun Ce, Amma Barin Majiyyaci Cikin Azaba Fa?

Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da muka ji a rediyo, muka kuma yini muna musu a kanta a rumfarmu ta Kasuwar Sabon Gari. Wai a ƙasar Holan da Beljiyam tun 2002, da Kanada tun 2016, doka ta yarda likita ya yi wa majiyyacin da aka fid da rai da shi allura ya mutu, in shi ya roƙa.

Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma maƙwabcina Kirista mai sayar da taya shi ma bai yarda ba. Rai na Allah ne. Wani lauya da ke sayen kaya wurina ya ce mini ai dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya taimaki wani ya kashe kansa, wanda kuwa ya gwada bai mutu ba, har shekara 1. Madalla da ta farkon. Ta biyun kam ban gane amfanin kai mara lafiya gidan yari ba. Gana ma ta soke irinta a 2023.

To amma jama'a, mu da muke tsine wa Turawa, mu duba namu. Damina uku da suka wuce ciwon hanta ya kama yayana. Muka sayar da akuyoyi da buhunan masara, na jinginar da gonata ta ƙauye. Da kuɗi suka ƙare, a wani asibiti aka ce mana ciwon ya zama daji, mu kai shi gida mu ci gaba da addu'a. Abin da aka haɗa mu da shi farasitamol ne kawai. Kwana arba'in da wani abu yana ihu, cikinsa ya kumbura kamar tulu, 'ya'yansa sai a gidan maƙwabta suke kwana. Wani dare ya riƙe hannuna ya ce, “Ƙanena, don Allah sayo mini fiya-fiya in huta.” Mutumin da sallar jam'i ba ta wuce shi! Na ce, “Yaya, yi istigfari.” Ya yi, amma ciwon bai sassauta ba. Wallahi ba mutuwa yake so ba, raɗaɗin ne ya fi ƙarfinsa.

Sai bayan mun yi sadakar bakwai wata nas ta gaya mini akwai magani na ruwa, mofin, da ake ba masu irin wannan ciwo su samu barci, ba shi da tsada sosai, sai dai da takardar likita ake bayarwa. Ba wanda ya taɓa ambata mana shi. Abin haushi, yaran unguwa suna samun tiramol cikin sauƙi, ko bayan an hana maganin tari mai kodin a 2018, amma mai ciwon gaske ya rasa abin da zai kwantar masa.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta sa doka: kada a sallami wanda aka gaza warkarwa sai an ba shi maganin raɗaɗi na gaskiya, an kuma faɗa wa danginsa inda za su ƙaro. Hukumar Zakka da Hubusi ta ware wani kaso domin irin waɗannan. Limamanmu na Fagge su taɓo zancen a huɗuba. Mu 'yan kasuwa kuma, yadda muke zubin adashi, mu buɗe asusun jinya a kowane layi. Ni na yi alkawarin zubin farko ranar Asabar.

Naka mai karatu kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
Fagge, Kano.