Gida Ba Ya Haihuwa

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin samarin ƙasarmu, daga Mayahi har Tasawa: "In ka samu kuɗi zuba su cikin gini, gini ba shi ɓata." Ɗan cirani ya dawo daga Libiya ko Aljeriya, ko daga ramin zinariya, bai gama gaisawa da dangi ba an fara tambayarsa yaushe za a sauke siminti. Ni na ce wannan magana ta cuci mutane da yawa, kuma mu ɗaliban jami'a muna cikin masu yaɗa ta, don mun yi mata ado da Faransanci muna kiran ta "investissement".

Mu fara da harshenmu, tunda shi nake karantawa. Kuɗin da Bahaushe ya fara sana'a da su yana kiran su uwar kuɗi. Me ya sa uwa? Saboda ana jiran ta haihu. Abin da bai haihu ba, komai kyansa, bai cancanci sunan jari ba. Ita kuwa kalmar "gida" har da mutane take nufi, ba bango kaɗai ba. In aka ce maka "ina gida?" ba lafiyar katanga ake tambaya ba. Gidan Amumune, Gidan Rumji, Gidan Sori, duk garuruwa ne da suka ɗauki sunan wanda ya zauna da iyalinsa har jama'a ta taru. Kakanninmu sun raba kalmomin nan biyu sarai, mu ne muka cakuɗa su.

To, mu yi lissafi. Mu ɗauka saurayi ya kashe miliyan 3 na sefa ya yi ɗaki biyu na siminti da rufin kwano a wani ƙauye na kumin Gidan Amumune. Wa zai kama haya? Kowa a garin yana da inda yake kwana. Sai dai malamin lakwal ko ma'aikacin asibiti da aka turo, shi ma gobe a canza masa wuri. Mu ce an yi sa'a yana biyan jika 10 a wata, jika 120 ke nan a shekara. Sai an shekara 25 kafin uwar kuɗin ta dawo, ba a yi zancen riba ba. Cikin shekarun nan kwano ya yi tsatsa, gara ta ci katako, bango ya tsage. Gini yana ci, kullum yana tsufa, bai taɓa haihuwa ba.

Za a ce ai in ta ɓaci sai a sayar. A sayar wa wa? Gidan da ke tsakiyar gidajen dangi, a kan filin gado da ba shi da takarda, baƙo ba zai saye shi ba, ɗan gari kuma ba shi da kuɗin. Ko an samu mai saye, wa ke son a riƙa nuna shi da baki ana cewa wane ya sayar da gidan ubansa? Ku tambayi iyayenku abin da suka kai kasuwa a yunwar 1984 da ta 2005. Akuya ce, tunkiya ce, ɗan maraƙi ne. Akuya kana iya sayar da guda ka sayo tiyar hatsi ka bar sauran. Bango ba a yanka shi a auna.

Na san amsar ƴan birni: "Dubi Maradi, wanda ya yi gida shekara 20 da suka wuce yau ya zama mai kuɗi." Gaskiya ne, amma ku duba da kyau me ya yi tsada. Filin ne, don gari yana faɗaɗa, mutane suna ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Ginin da ke kai sau da yawa mai saye rushe shi yake yi. Kuma abin da ya yiwu a bakin kwalta a Maradi, inda akwai ƴan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai masu neman haya, ba hujja ba ne ga ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sayar da gona, ko su ba da ita jingina, don su ƙarasa gini. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, kuma tun daga nan ƙaruwa muke. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke rabon ta taki-taki. A irin wannan hali, wanda ya saki gona da wuya ya sake riƙe wata. Ya ba da abin da ke kawo gero da wake da riɗi duk shekara, ya karɓi abin da ke neman gyara duk damina. Daga baya ka gan shi yana ƙwadago a gonar da tasa ce a da, da yamma ya koma ya kwanta cikin ɗaki mai fenti. Wannan ko a kasuwar mahaukata ba ciniki ba ne.

Masu goyon bayan gini suna da hujjoji na gaske, ba zan tsallake su ba. Ruwan daminar 2024 ya rushe gidajen ƙasa masu yawa, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar. Wanda ɗaki ya faɗo wa ɗiyansa ba ya buƙatar lissafina. Dabba tana mutuwa da fari ko cuta, ɓarawo na iya kore ta. Kuɗin takarda kuma ba amana gare su ba: a Janairun 1994 sefa ta rasa rabin darajarta dare ɗaya, waɗanda ke cirani a Najeriya kuma sun ga yadda naira ta zube tun 2023. Ga dangi, da sun ji kana da kuɗi a hannu buƙatu sun taso, shi ya sa wasu ke gudu su binne su cikin bulo.

Duk na yarda. Amma duk hujjojin nan suna cewa gida mafaka ne, rufin asiri ne, wani lokaci maɓoyar kuɗi ce. Babu wadda ta ce yana kawo riba. Ka gina ɗakin da zai tsare iyalinka daga ruwa, ka san kuɗi ka kashe, kamar yadda kake kashewa a magani da sutura. Laifin yana wajen wanda ya zuba gumin shekara biyar cikin ɗaki huɗu da ba mai kwana, don a ce wane ya yi gida, sannan bayan wata uku ya ranci kuɗin mota ya koma hamada.

Ga abin da nake kira gare shi. Uwar kuɗi tukuna, gini daga baya. Ka fanshi gonar gidanku in tana jingina. Ka je wajen kwamitin ƙasa, Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a yi mata takarda. Ka sayi jar akuyar Maradi da aka sani da yawan tagwaye, ko amalanke da sa, ko injin niƙa, ko ka koyi sana'ar hannu. Abin da suka haifa shi za ka mayar bulo, ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Mu kuma ƴan'uwa ɗalibai, gobe mu za a tambaya shawara a gida, don an ce mun yi karatu. In ƙanenka ya kira ka daga Sabha ko Tamanrasat ya ce ya tara ƴan kuɗi, kada ka yi saurin ce masa ya turo a sayi siminti. Ka tambaye shi tukuna: ranar da ka dawo, me za ka ci?