Farasitamol ba ya maganin damuwa

Duk wanda ya taɓa bin layi a asibitin sha-ka-tafi ya san yadda ake yi. Yaro ya ce kansa na ciwo, gabansa na faɗuwa, ba ya barci. A gwada jini, a ba shi maganin maleriya da farasitamol, sai na gaba ya shigo. Bayan sati biyu ya dawo da ciwon nan dai. Ba wanda ya tambaye shi me ke faruwa a gida ko a makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. Yaro kuwa ba ya cewa "ina da damuwa". Cikinsa ne zai murɗa, ko ya daina cin abinci, ko karatu ya lalace. A gida a ce taurin kai ne, ko iskokai. A TikTok kuma kowa likita ne.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna nan, amma wace uwa ce a ƙauye za ta biya kuɗin mota ta kai 'yarta can don kawai ta yi shiru? Ga tsoron a ce an kai ta gidan mahaukata, gobe maganar aure ta taso a tono. Asibitin unguwa ba shi da wannan tabon, kowa na shiga.

Abin haushin, tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan cibiyoyin lafiya na matakin farko. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Akwai ma tsarin mhGAP da aka tsara don koya wa ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba yadda zai gane matsala, ya taimaka, ya tura gaba in ta fi ƙarfinsa. Takarda dai ba mu rasa ba.

Ni a ganina ba sabon gini ake buƙata ba. A horar da nas ɗin da ke wurin, a ba ta minti goma da ɗakin da matashi zai yi magana ba tare da kawu na tsaye a kansa ba. Mu da ke da data, maimakon yi wa gwamnonin jihohinmu tambayar titi kaɗai, mu tambayi kwamishinan lafiya: ma'aikata nawa aka horar a ƙaramar hukumarmu bana?