Dashen na'ura a laka: Inda nasarar Lausanne ta tsaya

A Mayun 2023, masu bincike a Lausanne ta ƙasar Suwizalan suka sanar cewa wani ɗan Holan, wanda ƙafafunsa suka shanye tun hatsarin keke a 2011, ya sake takawa. An dasa masa na'urorin da ke ɗauko saƙon ƙwaƙwalwa su isar wa laka.

Sai dai lakarsa ce ta samu rauni, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka kuwa, cibiyar ba da umarnin ce ta taɓu. Gwajin motsa laka da lantarki ga irinsa har yanzu kan mutane ƙalilan ake yi, kuma ba ya maye gurbin watannin gashin ƙashi da atisayen tafiya, waɗanda yawancin iyalai a Najeriya ke biya daga aljihunsu.