Dillali Da La'adarsa, Mai Lissafin Haraji Da "Allah Ya Yi Albarka"

'Yan uwana 'ya'yan 'yan kasuwa mazauna garin Gombe, waɗanda iyayenmu da kakanninmu suka taso daga Kano da Katsina da Daura da Haɗeja, wasu ma daga Maraɗi, suka zo cin kasuwa har zama ya kama su. Yau ina so mu taɓa wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke raina aikin mutanen da ke shirya mana takardun haraji.

Kowa ya san mu ba ma wasa da hakkin wanda ya yi mana aiki a kasuwa. Je ka Tudun Hatsi ka gani. Dillali ya haɗa ka da mai masara, la'adarsa a kan kowane buhu sananniya ce, ba a ma tsayawa ciniki a kanta. Ɗan dako ya sauke mota, kafin guminsa ya bushe an sallame shi. Wannan tarbiyya tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja muka gaje ta, lokacin da fatake ke sauka gidan fatoma, ya ba su masauki, ya nemo musu masu saye, ya ɗauki rabonsa, babu mai cewa ya yi zalama. Amma ran da mai lissafin haraji ya gama aikin mako biyu ya faɗi kuɗinsa, sai ka ga fuskar Alhaji ta canza. "Haba ɗana, don 'yan takardun nan? Ai danne-danne ne kawai a kwamfuta." Sai a laluba aljihu a miƙo masa na mai, a raka shi da Allah ya yi albarka.

A shagon mahaifina na sha ganin haka daga abokan cinikinmu, kuma na daɗe ina tambayar kaina dalili. A nawa ganin dalilin biyu ne, kuma na farko ido ne. Buhu ana ganinsa a kan ɗan dako. Shi kuwa wannan bawan Allah, in ya yi aikinsa da kyau, abin da za ka samu shi ne babu abin da zai faru: ba a kawo maka takardar tara ba, ba a garƙame maka shago ba. To wa zai ji daɗin biyan kuɗi a kan abin da bai faru ba?

Na biyu kuwa tarihi ne. Iyayenmu sun tashi da harajin ka da jangali, wanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓa, har mutum ya bar garinsu saboda shi. Da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979, talakawa murna suka yi kamar ranar salla. Saboda haka a zuciyar dattijo, haraji abu ne da ake zille wa, wanda kuma ya zo yana koya maka yadda za ka biya shi, rabinsa naka ne rabinsa na hukuma. Na fahimci wannan, amma harajin yau da na wancan zamanin sunan kawai suka haɗa.

Bari in ba da misali da alƙaluma, don mu 'yan kasuwa da su muke gane magana. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, suka fara aiki a Janairun 2026. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a cire komai a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 da ke bayansu kashi 18. Mu ɗauka mai shagon atamfa a babbar kasuwa ribarsa ta gaskiya a shekara miliyan 2 ce, bayan an cire kuɗin sari da hayar shago da kuɗin mota da albashin yara. Harajinsa naira 180,000 ke nan. To in ba shi da littafi, ba rasit, jami'i ya dubi shago maƙil da kaya ya ƙiyasta ribarsa miliyan 5, abin da zai hau kansa naira 690,000 ne. Tsakaninsu 510,000. Wanda ya zauna ya tattara rasitan nan da ke cikin leda, ya ware uwar kuɗi daga riba, ya rubuta ta yadda hukuma za ta yarda, shi ne muke miƙa wa na mai.

Ba nan ya tsaya ba. Shi ne ya san cewa mai haya yana iya rage kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gidansa daga abin da za a ɗora wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Shi ne ya san mai shago da sunansa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Gombe zai kai bayani kafin ƙarshen Maris, kamfani kuwa hukumar tarayya, wadda aka sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS. A nan ne ma aka fi cin ƙafar mutanenmu. Mutum ya yi rajistar kamfani saboda wata kwangila ko don banki ya buɗe masa asusu, ya jefa takardun a durowa ya manta, alhali doka ta ce kamfani ya kai bayaninsa duk shekara cikin wata shida bayan rufe lissafinsa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tarar jinkiri a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo. Wata shida kawai, 350,000 ta tafi, ba ka sayi komai ba.

Kuma ilimin nan ba a kan hanya aka tsince shi ba. Masu aikin na gaskiya sun bi ta jarrabawar ICAN ko ANAN ko CITN, cibiyar masana haraji da aka kafa a 1982. Ni da na tsaya a sakandare na san abin da lissafin aji shida ya yi mini, balle wanda kowace shekara sai ya sake karatu saboda doka ba ta zama wuri ɗaya. Ko harajin VAT da muka saba da shi a kashi 5, a Fabrairun 2020 ya koma 7.5.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Gombe ta karɓe mu hannu bibbiyu, wannan ba musu. Auduga ce ta fara jawo kakanninmu, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, jirgin ƙasa ya iso a 1963, aka sami jiha a 1996 gari ya ƙara buɗewa. Amma duk daɗewarka, ran da magana ta kai ofis, ba kowanenmu ke da kawu ko ɗan ajinsu a bayan tebur da zai ce a yi masa sassauci ba. Baƙo takardarsa ce danginsa. Takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekara uku a jere, ana nemanta wajen kwangilar gwamnati da takardar mallakar fili. Wanda ya fi kowa bukatar takarda mai tsabta shi ne kuma ya fi kowa ƙyashin biyan mai gyara ta. Abin da mamaki.

Illar rowar nan kuwa a fili take. In ka hana ƙwararre hakkinsa, zai koma wajen kamfanoni da 'yan kwangila masu biya, ya bar ka da 'yan bakin ƙofar ofis, masu cewa kawo kaza gobe ka zo ka karɓa. Su ba ruwansu da littafinka. Takarda za ta fito da hatimi da komai, sai ran da aka duba lambarta a kwamfuta a ce ba a san da ita ba, shi kuwa wayarsa a kashe. Daga nan sai a ce duk masu aikin haraji macuta ne, a ƙara samun hujjar raina na kirkin. Wani raini kuma da ya fi na kuɗi ciwo shi ne ɓoye. Alhaji zai kawo littafi ɗaya ya bar ɗaya a gida, asusun banki biyu ya faɗi ɗaya, in abu ya ɓaci ya ce yaron ne bai iya aiki ba.

Su ma masu aikin ina da magana da su, don da hannunsu a ciki. Kunya ta yi musu yawa. Dattijo ya tambaye ka nawa ne, ka sunkuyar da kai ka ce "Ba komai Baba, duk abin da ya sauwaƙa," sannan ka koma majalisa kana ƙorafi. Dillali ba ya haka, ko da surukinsa ne. Ka faɗi kuɗinka tun kafin ka buɗe leda, cikin ladabi, a rubuce. In an gama, kada ka miƙa masa takarda kawai ka tafi. Zauna da shi ka nuna masa a Hausa: ga abin da za a ɗora maka da ba a yi lissafi ba, ga abin da ka biya, ga tarar da ka tsallake. Ɗan kasuwa ba ya raina abin da ya gani a alƙalami. In kuma ya ce ka rage alƙaluma ka rubuta ƙarya, ka mayar masa da ledarsa, don sa hannunka ne a ƙasan takardar, ba nasa kaɗai ba.

Ga 'yan uwana matasa masu zaman shago kuwa, mu ne ke riƙe da waya da littafi, mu iyayenmu ke tambaya "wai me takardar nan ta ce?" Kafin Maris ta zagayo, a sami ranar da kasuwa ta lafa, a ɗauko ledar rasitan nan a zauna da Baba, a sa kuɗin mai lissafi cikin kuɗin shago tare da haya da na mai gadi.